Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Tsokaci a Kan Orsinium, Ƙasar Orkawa

Lokacin da Edita ya nemi in kawo wani abu domin wannan fitowa, na san abin da yake zato shi ne sharhi a kan wani littafi, ko kuwa kukan tsadar haya da sanyin ƙasar nan kamar yadda muka saba. To sai ga shi na zo masa da maganar wasan kwamfuta. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa ɗalibai, musamman yayyenmu masu digiri na uku, da su yi haƙuri su karanta zuwa ƙarshe kafin su ce yaron nan ya ɓarnatar da kuɗin makaranta.

Abin ya faro ne a hutun Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, kowa ya watse ya bar ni a gidan haya. Abokin zamana ya tafi wajen iyayensa ya bar mini na'urarsa da wani wasa mai suna Skyrim, wanda ya fito a 2011. Ina cikin yawo a duwatsun wasan sai na iso wata tunga da aka kewaye da itatuwa masu tsini, ana ce mata Dushnikh Yal. Mai gadi ya leƙo daga sama ya ce mini wurin nan na 'yan'uwansu ne kawai, baƙo ba ya shiga. Ni da na saba tsayawa layi da fasfo a hannu ana duba fuskata, sai abin ya ba ni dariya, daga baya kuma ya tsaya mini a rai. Su wane ne waɗannan da ke korar baƙo, kuma wa ya fara korarsu? Neman amsar ne ya kai ni ga karanta littattafan da aka zuba a cikin wasan, da komawa ga sauran wasannin gidan, har na haɗu da labarin Orsinium.

Ga wanda bai san su ba, Ork wani jinsin halitta ne na labaran almarar Turawa, ƙato mai ƙirar mutum, kore ko toka-toka, da fiƙoƙi biyu da suka leƙo daga leɓen ƙasa. Ni dai na raɗa musu Orkawa, ɗaya kuwa Ba'orke, tunda haka harshenmu ke yi wa kowace al'umma, kuma maganar tawa duka a kan ko su al'umma ce take.

Wanda ya fito da su duniya ta san su shi ne J.R.R. Tolkien, a littafinsa The Lord of the Rings da aka buga a 1954 da 1955, wanda da yawanmu muka fara sani ta finafinan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003. A wajen Tolkien Orkawa suna da ramuka da shugabanni, amma ba su da ƙasar da wani zai zauna da ita a yi sulhu. Dakaru ne na Sauron da Saruman, an yi su ne domin a kashe ba tare da mai kisan ya ji komai a ransa ba, har ma jarumai biyu, Legolas da Gimli, suna gasar ƙirga gawarwakinsu. A wata wasiƙa ta 1958 marubucin ya kwatanta kamanninsu da na mutanen Mongol ta fuskar da ba ta da daɗin ji, abin da har gobe ake ta jayayya a kansa. Sai dai akwai wani wuri a littafin da nake so, inda hafsoshinsu biyu, Shagrat da Gorbag, ke hira suna burin in yaƙi ya ƙare su sulale da 'yan yaransu su kafa nasu wurin inda babu manya a kansu. Tolkien ya buɗe wannan ƙofa kaɗan, ya leƙa, ya rufe. Su kuwa marubutan The Elder Scrolls, jerin wasannin kamfanin Bethesda na Amurka da aka fara a 1994, ta wannan ƙofa suka shiga.

Su ma ba a rana ɗaya suka shiga ba. A wasanni biyu na farko, Arena da Daggerfall na 1996, ba ka da damar zama Ba'orke, sai dai ka gamu da shi a kogo ka sare shi. Sai a Morrowind na 2002 aka sa shi cikin jinsunan da mai wasa zai iya zaɓa. Amma tun a Daggerfall an riga an dasa wani abu, domin a can ne muka haɗu da sarkinsu Gortwog, wanda yake aika wasiƙa, yake ciniki, yake neman a amince da ƙasarsa. A can ne kuma aka ajiye wani ɗan littafi mai suna The Pig Children, wanda wani marubucin cikin labarin ya rubuta domin ya tabbatar wa jama'a cewa Orkawa dabbobi ne. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai. Masu wasan ba su tsaya suna yi mana wa'azi a kan ƙyamar jinsi ba, sun bar mai ƙyamar ya yi magana da bakinsa, da sunan ilmi, kamar yadda muke tarar da irinsu a ɗakunan karatun jami'o'in nan idan muka buɗe rahotannin matafiya na ƙarni na 19.

Asalinsu a labarin ma abin dubawa ne. Sunansu na ainihi Orsimer, wato mutanen da aka ware ake ƙyama. An ce da can jinsin Elf ne masu bin wani gwarzon abin bauta, Trinimac, sai wani abokin gabarsa, Boethiah, ya haɗiye shi, abin da ya fito ta ƙasa (mai karatu ya gafarce ni) shi ne ya zama Malacath, mabiyansa kuma kamanninsu suka juye. Gumakan tatsuniya ne dai, amma a riƙe sunayen nan biyu, Trinimac da Malacath, domin siyasar ƙasar duka a tsakaninsu take.

Tarihin birnin kuwa, bisa lissafin shekarun wasan, ga shi a gurguje. An gina Orsinium ta farko a duwatsun Wrothgar a Zamani na Ɗaya. Sarakunan Daggerfall da Sentinel da wata ƙungiyar mayaƙa suka yi mata zobe shekara 30, suka rushe ta a shekara ta 980. A Zamani na Biyu mai riƙon Daula, Savirien-Chorak, ya karɓe ta cikin ƙasashen da ke ƙarƙashinsa, aka sami lafiya, amma da aka kashe shi a 430 ba a daɗe ba maƙwabta suka sake cinna mata wuta. Bayan shekara ɗari da 'yan kai Sarki Emeric na Wayrest ya shiga tsaka mai wuya, domin ya fasa auren 'yar Sarki Ranser ya auri 'yar Sentinel, Ranser kuma ya zo masa da yaƙi har ƙofar gari. Sai ya tuna da Orkawa, ya aika musu cewa in suka taimake shi zai mayar musu da ƙasarsu. Wani jarumi, Kurog, ya amsa, ya zama sarki a ƙarƙashin inuwar Emeric. A Zamani na Uku sai Gortwog.

Wanda ya lura zai ga abu ɗaya ne ke ta maimaituwa. Duk lokacin da birnin ya tsaya da ƙafarsa, to wani babba ne a nesa yake da buƙatar hannun Orkawa, duk lokacin da ya faɗi kuma, babban ne ya mutu ko ya kau da kai, maƙwabta na kusa suka ɗauko itacen da suka daɗe da tarawa. A nawa ganin wannan shi ne jigon labarin, kuma shi ne abin da ya fi komai gaskiya a cikinsa. Ba ƙarfin takobi Orkawa suka rasa ba, su ne ma aka fi tsoro a fagen fama, kuma sulkensu ya fi na kowa. Abin da suka rasa shi ne maƙwabcin da zai yarda cewa gidan da suke ciki nasu ne ko da babu takarda daga sama.

Inda na fi jin daɗin rubutun shi ne labarin yadda Gortwog ya sami ƙasar a shekara ta 399, wanda ke cikin wani ɗan littafi mai suna How Orsinium Passed to the Orcs. Mai karatu zai zaci da gatari ya zo. Ina! Kotu ya zo, kotun mutanen Breton, da hujjojinsa, yana ƙarar fili da wani basarake mai suna Bowyn. Alƙali ya duba ya ga hujjar kowa ta yi daidai da ta ɗan'uwansa, sai aka koma ga wata tsohuwar doka da ta ce a raba gardama da fito-na-fito. Aka yi sharaɗin kowa zai sa sulken Orkawa. Bowyn bai taɓa sa irinsa ba, ko motsi ya kasa, sai wani tsohon bara Ba'orke da ke hidima a gidan ɗan'uwansa ya koya masa yadda ake tafiya da shi. Aka kara, Bowyn ya yi abin kirki, amma aka kayar da shi. Da ya tambayi tsohon, sai tsohon bai ɓoye ba cewa Gortwog yake so ya yi nasara, amma ba ya son a ce sarkinsu ya sami ƙasar a banza ba tare da gumi ba. Shafi kaɗan ne, an kuma rubuta shi kamar abin raha, amma dubi abin da aka cusa a ciki: ɗan ƙasa yana neman gadon kakanninsa a gaban alƙalin waɗanda suka ƙwace shi, da dokarsu, da harshensu, ga kuma baran da ya shekara da shekaru yana share gidan ubangidansa, zuciyarsa tana wani wuri. Tsohon nan ya fi mini yawancin taurarin wasan rai, kuma ina jin duk wanda ya taɓa aikin dare a ƙasar wasu zai gane shi.

Sai dai cin shari'a daban, amincewar Daula daban. Yadda amincewar ta zo shi ne wuri na farko da nake da ja da marubutan. Wasan Daggerfall yana da ƙarshe iri-iri, gwargwadon wanda mai wasa ya miƙa wa wani makamin tsafi, kuma Gortwog yana cikin masu nema. Da aka zo rubuta wasa na gaba sai aka rasa wanne za a ce shi ne ya faru, sai aka ce ai duka sun faru a lokaci guda, wai zamani ne ya tsage a shekara ta 417. Aka wayi gari ƙananan masarautu 44 sun koma huɗu: Daggerfall, Sentinel, Wayrest da Orsinium, dukansu kuma sun yi caffa ga Sarkin Daula Uriel Septim na Bakwai. Masoya wasan suna yabon wannan a matsayin hikima, ni kuwa faci na gani. An gina mana Gortwog a matsayin ɗan siyasa mai haƙuri, sannan a daidai wurin da muke son mu ga yadda zai shawo kan majalisar Daula, da abin da zai bayar da abin da zai hana, sai aka ce tsafi ya gama aikin. Abu ɗaya dai ya tsira daga facin, wato wanda ya ci riba: Sarkin Daula, wanda da yake fama da masu taurin kai 44, yanzu huɗu kawai zai kira.

To me Orsinium ta biya? A nan ne sunayen nan biyu za su dawo. Da Gortwog ya zauna daram, sai ya kafa bautar Trinimac a birninsa, ya ce Malacath na jabu ne. Kurog ma, ɗaruruwan shekaru kafinsa, abin da ya yi ke nan. Ma'anar a fili take. Malacath shi ne na korarru da masu riƙon alkawari da ramuwa, shi ne wanda ya zauna da su a duwatsu lokacin da ba su da kowa. Trinimac kuwa shi ne hujjar cewa su ma 'ya'yan manya ne, asalinsu ɗaya da fararen Elf. Wato sarkin da ke son a karɓe shi a fada sai ya fara ce wa mutanensa abin da suka zama abin kunya ne, abin da suke da can shi ne na nunawa. Shugabannin tungaye suka ƙi, kuma ba a rasa dalili a wajensu ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma askin nan a kan talakawa aka yi shi.

Mu da kakanninmu suka ga 1903 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan sarki mai fuska biyu, ɗaya tana kallon Razdan ɗaya tana kallon talakawa, da sandar girman da wanda ya ba ka ita yake iya karɓewa. Kafin Turawa ma Damagaram ta daɗe tana kai wa Barno gaisuwa. Haka kuma yadda labarin ya nuna cewa Orkawa sun sayi ɗan mutuncin da ake ba su ne da aikin soja a rundunonin Daula ya tuna mini da tsofaffin da suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma zan ja wa kaina birki a nan, domin na ji wasu abokanmu suna saurin cewa Ba'orke baƙar fata ne aka yi wa shaguɓe. A wannan wasa dai lissafin bai fita ba. Mutanen Redguard na ƙasar Hammerfell su ne baƙaƙe, masu takobi da jiragen ruwa da sarautu, kuma suna cikin waɗanda suka rushe Orsinium tun karon farko. Masarautunmu kuma ƙasashe ne tsayayyu kafin Lugga ya zo, ba shi ya ba su suna ba. In ma akwai abin da ya fi kusa, to zaman zango ne: fili da mai gari ya ba ka, da sarkinka da ya amince da shi, kana ciniki kana aure kana binne mamatanka, har ranar da za a fito da doka irin wadda gwamnatin Busia ta fitar a Gana a 1969, a ce wanda ba shi da takarda ya tattara. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Ankara sun fi ni sanin wannan labari.

Ja na biyu, kuma mafi girma, yana kan kashin Orsinium na wasan The Elder Scrolls Online, wanda ya fito a 2015. A nan ne karo na farko da aka bar mu muka taka birnin sosai, muka ga magina a kan tsani, da kasuwa, da fada. Kurog na farkon labarin tauraro ne na gaske: mai ci, mai dariya, mai saurin fushi, yana son ya haɗa tungayen da ba su taɓa haɗuwa ba, domin ya san in ba su haɗu ba za a sake ƙona su ɗaya bayan ɗaya. Abokin hamayyarsa Bazrag, tsohon amininsa, yana ganin haɗuwar da za ta ci al'adarsu ba haɗuwa ba ce. Kowa da gaskiyarsa, kuma da an bar su haka da mun sami wasan kwaikwayo mai nauyi. Sai marubutan suka ji tsoro. Aka bayyana cewa 'yan ta'addar da ke kashe mutane da sunan Trinimac, wato Vosh Rakh, Kurog ne da mahaifiyarsa Alga ke juya su a ɓoye, kuma shirinsa shi ne ya tara shugabannin tungaye a taro ya hallaka su. Shi ke nan, tambaya ta mutu. Ba sauran auna ko haɗin kai ya cancanci kuɗinsa, tunda mai kiran haɗin kan ya zama azzalumi. Mai wasa, wanda galibi baƙo ne da aka gayyato, shi zai kashe sarki, Bazrag ya hau. Na yarda jana'izar Kurog da aka rufe labarin da ita ta taɓa ni, domin an bar waɗanda suka yaƙe shi sun yi jimaminsa. Amma duk da haka baƙo ne ya shigo ya warware wa 'yan ƙasa rikicin sarautarsu da takobi, aka kuma yi masa godiya. Wannan labarin mun san shi, kuma ba Orkawa suka fara ba da shi ba.

Akwai kuma ƙananan giɓi. A duk yawon da na yi ban gamu da mai karɓar haraji ba. Ƙasa tana ƙarƙashin wata, amma ba a nuna mana me ake aunawa a kai wa ubangida duk shekara, wa ke bi gida-gida, wa ke gudu daji in an zo. Wanda ya ji labarin jangali daga bakin kakansa ya san a nan ne talaka ke sanin an ci ƙasarsa, ba a fada ba. Matan tungaye ma an taƙaita su. Doka ta ce shugaba kaɗai ke aure, 'ya'ya mata kuma ana aurar da su zuwa wasu tungaye domin ƙulla zumunci. A Mor Khazgur akwai Borgakh, 'yar shugaba, wadda ba ta son auren da ke jiranta, abin da zai iya zama labari guda cur, amma maganinsa a wasan shi ne mai wasa ya lallashe ta ko ya biya kuɗin sadakin ta bi shi yawo.

Ƙarshen aikin Gortwog kuwa ko a wasa ba a nuna shi ba. Bayan gidan Septim ya ƙare, a farkon Zamani na Huɗu, mutanen High Rock da Hammerfell suka sake rushe birnin, rundunonin Daula suka raka waɗanda suka tsira zuwa Skyrim. A bakin wata sojan Ba'orkiya muka ji wannan, a wani littafin Greg Keyes na 2011, sai kuma ɗan rubutun da ke fitowa a allo yayin da wasa ke lodi, mai cewa an sake gina birnin a duwatsun da ke tsakanin Skyrim da Hammerfell. Zargina shi ne marubutan sun fi son Ba'orke a tunga, da gatarinsa da diyyar jininsa, domin ya fi kyan kallo, Ba'orke mai ofis da jakada kuwa yana jawo tambayoyin da wasa ba ya son amsawa. Shi ya sa duk lokacin da birnin ya girma sai a ƙona shi a bayan fage.

Kafin abokin zamana ya dawo na sake fara Skyrim daga farko, wannan karon a matsayin Ba'orke. Na koma Dushnikh Yal, aka buɗe mini ƙofa ba tambaya, ba a aike ni neman komai ba. Na zagaya maƙera da ramin ma'adinai da dogon ɗakin shugaba, na bi sauran tungayen uku, Largashbur da Narzulbur da Mor Khazgur, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na nufi yamma ina neman hanyar sabuwar Orsinium, na yi ta hawan dutse har na kai inda wasan ke rubuto maka cewa ba za ka iya wucewa nan ba.